Da tsohuwar zuma ake magani: labarin wani tsuntsun teku da makomar tsofaffin itatuwanmu

  

An ce in yi magana a kan itatuwa. Na san abin da kuke jira in faɗa: hamada na tahowa, mu tashi mu dasa. Wannan kun sha jin sa, kowace shekara ranar 3 ga watan takwas sai an maimaita muku a rediyo da talabijin. Ni yau wata hanya zan bi. Labarin wani ɗan tsuntsun teku zan ba ku, na can yammacin Amurka, da mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna bin sawunsa. Wani zai ce, mu da daga Yamai sai mun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin mu ga ruwan gishiri a Kwatano, me ya haɗa mu da tsuntsun teku? Ku ba ni aron kunnuwanku. Kafin mu tashi za mu dawo gida, har gindin gawon da ke bayan garinku.

Turawa suna kiran sa murelet. Ba shi da suna da Hausa, tunda ba a ƙasarmu yake ba. Girmansa kamar na kurciya, nauyinsa giram 200 da ɗoriya. Yana zaune a gaɓar tekun Fasifik, tun daga Alaska, ya ratsa Kanada, har Kalifoniya. Ƙafarsa irin ta agwagwa ce. A ruwa yake wuni, a ruwa yake kwana, ya nutse ya kamo ƙananan kifaye. Masana sun rubuta sunansa a littattafansu tun 1789, amma abu ɗaya ya gagare su: a ina yake yin ƙwai? Danginsa an san wurinsu, a kan duwatsun bakin teku da tsibirai, dubbai a wuri guda. Shi kuwa an duba duwatsu, an leƙa ramuka, shiru. A 1970 har wata mujallar masu nazarin tsuntsaye ta sa kyautar dala 100 ga duk wanda ya nuna sheƙarsa. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba.

Abin mamaki, leburorin da ke saran katako cikin daji sun daɗe suna jin kukansa da asuba, yana wucewa ta samansu cikin hazo, har suka raɗa masa suna tsuntsun hazo. Wani lokaci in sun kayar da icce sai su tsinci tsako mai ƙafar agwagwa a ƙasa. Amma ya yi wa masana wuyar yarda cewa tsuntsun teku zai baro ruwa ya shiga ƙurmin daji.

Ranar 7 ga Agusta 1974, wani mai aikin datse rassa, sunansa Hoyt Foster, ya hau wani dogon icce a gandun Big Basin da ke Kalifoniya, don ya cire karyayyun rassa kada su faɗo wa masu yawon buɗe ido. Ya kai tsawon mita 45, sai ga tsako zaune a kan reshe cikin gansakuka, da ƙafar agwagwa, kusan kilomita 10 daga teku. Shekara 185 ana nema, kuma wanda ya gano ba farfesa ba ne, mai hawan icce ne da igiyarsa da zartonsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan aka fara fahimtar rayuwar tsuntsun. Ba ya saƙa sheƙa. Reshe mai faɗi yake nema, can sama, wanda gansakuka ta lulluɓe ta yi kauri kamar katifa, ya ɗan danna wuri ya ajiye ƙwai. Ƙwai ɗaya tak a shekara. Uwa da uba suna karɓa-karɓa: wannan ya kwanta a kai awa 24, da asuba ɗayan ya taho daga teku ya canje shi. Kusan kwana 30 kafin a ƙyanƙyashe. Sannan su yi wata guda ko fiye suna jigilar kifi a baki, ɗaya-ɗaya, wani lokaci daga nisan kilomita 80, kamar daga Maradi zuwa Agye. Ranar da tsakon ya isa tashi, da magariba yake fita, shi kaɗai, ba uwa ba uba. Tashinsa na farko ke nan a duniya, kuma dole ya kai teku. In ya faɗi a hanya, shi ke nan.

To, irin wannan reshe ba a samun sa a kan ƙaramin icce. Galibi sai iccen da ya shekara 200 ko fiye. A nan matsalar take. Dazuzzukan wannan yanki su ne taskar katakon Amurka. Akwai itatuwan da suke kira redwud, wato jan icce, waɗanda tsawonsu kan wuce mita 100, wasu sun haura shekara 2,000 a tsaye. Yau abin da ya rage na tsohon dajin jan icce bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Kuma kada ku ɗauka masu saran ba sa dasawa. Suna dasawa, fiye da yadda muke yi ma. Su share daji ƙaf, su dasa sabo a jere, bayan shekara 40 zuwa 60 su sake sarewa. A takarda daji yana nan: hekta ba ta ragu ba, yawan itatuwa ma ya ƙaru. Amma reshe ba ya samun lokacin yin faɗi, gansakuka ba ta samun lokacin yin kauri. A idon akawu daji ne, a idon tsuntsun kuwa fili ne fetal.

Wannan ne abu na farko da nake so ku tafi da shi: dashe dubu ba ya maye gurbin tsohon icce ɗaya. Akwai aikin da shekaru kaɗai ke yi, kuɗi ba sa yin sa.

Yanzu ku ji yadda masu bincike suka yi aikinsu, don nan ne ya fi shafar mu. Tsuntsun ƙarami ne, yana gudun fiye da kilomita 70 a awa, kuma cikin duhun asuba yake shiga daji. Hawa kowane icce ba zai yiwu ba. Sai suka tsara ƙa'ida ɗaya wadda kowa zai bi. Mai ƙidaya zai tsaya a wurin da aka ware masa minti 45 kafin fitowar rana, ya ci gaba har minti 75 bayan ta fito, awa biyu cur yana ɗage kai sama. Duk abin da ya gani ko ya ji sai ya rubuta: ƙarfe nawa, daga wace kusurwa, tsuntsu nawa. In tsuntsun ya wuce ta saman itatuwa, mai wucewa ne. In ya ratsa ta tsakaninsu, ko ya sauka a reshe, alama ce yana da gida a nan. Kuma ba zuwa ɗaya ba: sau da yawa a shekara, shekara biyu a jere, kafin a ce wannan daji babu kowa. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ɗalibai ne da matasa irinku, cikin sanyi da sauro, mafi yawan safiya su dawo da takarda ba komai sai sifiri.

Wasu kuma cikin dare suke shiga teku da ƙaramin jirgin ruwa da fitila mai ƙarfi, su kama tsuntsun da raga, su maƙala masa ƴar na'urar rediyo a baya, sannan a bi sautinta da ƙaramin jirgin sama har a gano iccen da yake sauka. Wasu suka kafa rada a bakin kwari, irin wadda jiragen ruwa ke amfani da ita, tana ƙirga masu shiga da masu fita. Wasu ma gidan adana kayan tarihi suka je, suka ɗauko gashin tsuntsayen da aka ajiye shekara 100 da suka wuce, suka auna shi da na yanzu. Gashi yana riƙe alamar abin da tsuntsu ya ci. Sai suka gano cewa a tekun Kalifoniya kakannin sun fi cin kifi mai maiƙo, jikokin kuwa sun koma kan ƙananan halittu marasa ƙarfi, bayan kifin sadin ya yi ƙaranci. Ashe ta fuska biyu ake matsa masa: a daji babu reshe, a ruwa babu abinci mai kyau.

Me aka yi da wannan ilimi? Nan ƙungiyoyin fararen hula suka shigo. Amurka tana da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1973. Amma doka ba ta tashi da kanta, sai an tashe ta. A 1988 ƙungiyar masu kare tsuntsaye ta Audubon ta shigar da buƙata a sa murelet cikin jerin da doka ta kare. Hukuma ta yi ta jan ƙafa, sai da aka je kotu. A 1992 aka sa shi a jihohi uku: Washinton, Origon da Kalifoniya. A 1994, zamanin shugaba Bill Clinton, aka fito da babban tsarin kula da dazuzzukan gwamnati na wannan yanki, kusan hekta miliyan 10. Wata mujiya da ita ma tsohon daji take bukata ita ce ta fi jawo tsarin, amma murelet na ciki. Tsarin ya ce: kafin a sari tsohon daji kusa da teku, a fara ƙidaya. In aka ga alamar gida, a bar wurin, har tazarar mita 800 a kewaye.

Akwai shari'ar da ba na mantawa da ita. A arewacin Kalifoniya wani babban kamfanin katako ya so sare wani tsohon kurmi mai suna Owl Creek, a filinsa na kansa. Wata ƙaramar ƙungiya ta yankin ta kai ƙara, kuma a takardar ƙarar sunan tsuntsun aka sa a gaba a matsayin mai ƙara. A 1995 alƙali ya hana saran, a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Da me aka yi nasara? Ba da ihu ba. Da takardun nan na asuba: rana kaza, ƙarfe kaza, an ga tsuntsu ya ratsa ta ƙarƙashin rassa. A 1999 kuma gwamnati ta sayi wani tsohon dajin da ke yankin, Headwaters, kimanin hekta 3,000, da ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka, ta mai da shi gandun da ba a taɓawa.

Abu na biyu ke nan: abin da ba a ƙidaya ba, ba a iya kare shi. Mai kuɗi yana da lauya, yana da taswira, yana da lissafin ribarsa. In kai ba ka da komai sai ɓacin rai, ka sha ƙasa tun kafin a zauna.

Kada in yi muku daɗin baki, labarin yana da ɗaci. Da aka rage saran katako a dazuzzukan gwamnati, masana'antu sun rufe, dubban ma'aikata sun rasa abin yi, ƙananan garuruwa sun mutu a tsaye. Injuna ma sun ci nasu rabon na ayyukan, amma a bakin leburan da aka sallama, tsuntsu ne ya raba shi da abincinsa, kuma har yau akwai masu jin wannan haushi. Tsuntsun ma bai tsira ba tukuna. A jihohin uku gaba ɗaya kusan 20,000 suka rage, kuma a Washinton ƙidaya ta nuna suna raguwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara tun farkon shekarun 2000. A 2021 jihar Origon ta ɗaga matsayinsa zuwa mai fuskantar ƙarewa. Dajin da aka sare jiya, ko an daina sara yau, sai jikokin jikoki kafin reshe ya dawo.

Bincike ya kuma tono wani abin da ba wanda ya zata. A gandayen da aka kare, inda ba mai sara, ƙwai na ɓacewa. Su wa ke ci? Hankaki da danginsu. Me ya tara su? Ɓurɓushin burodi da ragowar abincin da masu yawon buɗe ido ke zubarwa. Masoya dajin da kansu su ne ke kiwon ɓarayin ƙwai ba su sani ba. Sai aka shiga wayar da kai, kada a bar ko ɓurɓushi. Har ƙwan kaji aka rina da launin na murelet, aka sa masa maganin da ke sa amai, aka ajiye a daji, don dangin hankaka su ci su yi da-na-sani su daina. A watan Agusta 2020 gobara ta ƙone kashi 97 cikin 100 na gandun Big Basin, inda aka fara ganin tsakon nan. Duk da haka a 2021 an ga tsako ya tashi daga wani reshe a cikin gandun. Tsofaffin itatuwan da suka jure wuta su ne suka riƙe shi.

To, mu dawo gida. Me ya haɗa mu da wannan?

Irin wannan bincike an yi shi a yankinmu. Wasu masana daga Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun yi shekara da shekaru suna yawo a Sahel, daga Senegal har Habasha, suna tsayawa gindin icce ɗaya-ɗaya, su auna shi, su ƙirga tsuntsayen da ke kansa. Suna neman sanin inda ƙananan tsuntsayen Turai ke zama in sun ƙetaro Sahara lokacin sanyi, tsuntsayen da wasunsu ba su wuce giram 10 zuwa 15 ba. Abin da suka gano shi ne ba kowane icce suke sauka ba. Ƴan nau'o'i kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawansu, musamman masu ƙaya: gawo, kandili, aduwa da ire-irensu. Dogon yaro kuwa, wanda wasu ke kira bedi, da turare, kusan ba sa ganin waɗannan baƙi, don ganyensu ba ya tara ƙwarin da suke ci.

Ku dubi gawo. Da damina yana kaɗe ganye, ya bar hatsi ya sha rana. Da kaka ya yi ganye da fure, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke isowa da yunwa. Suna cin tsutsa da ƙwari a kansa, dabbobi su ci ƴaƴansa da rani, ƙasar gindinsa ta yi taki. Manomi ya san hatsin gindin gawo ba ɗaya yake da na fili ba. Tarihin Damagaram ya nuna sarakunan da sun kafa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo. Ba su karanta mujallar kimiyya ba, amma sun san abin da suke karewa.

Ba ina zagin dogon yaro ba ne. Ya ba mu inuwa a makarantu da kasuwanni, ya tare iska a kwarin Majiya tun 1975. Amma in muka bar gawo mai shekara 80 ya faɗi, muka dasa dogon yaro 100 muka yi hoto muka sa a Facebook, lissafin kamfanin katakon can muka yi: a takarda mun ƙaru, a ƙasa mun yi asara.

Ga kuma shamuwa, wadda ba sai an gabatar muku da ita ba. In ta sauka, manomi ya fara gyaran iri. Masu bincike daga Danmak sun maƙala wa wasu shamuwoyi na'ura a nan Nijar, suka bi su ta tauraron ɗan Adam har Tanzaniya da kudu da ita. Tafiyar dubban kilomita take yi ta dawo garin da ta saba, ta ci fara a gonakinmu. A ina take sheƙa? Galibi a manyan itatuwan cikin gari: gawo, kuka, tsamiya. Ku tambayi kakanninku sheƙa nawa ke unguwarku lokacin ƙuruciyarsu, sannan ku ƙirga na bana. Haka tafkunanmu: Tabalak, Dan Dutsi da Lasuri suna cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2005, Madarunfa da Gidimuni suka shiga a 2019. Daga cikin tsuntsayen da ke kiwo a bakinsu da sanyi, akwai waɗanda a gaɓar tekunan Turai suka ya da zango kafin su iso. Ba mu da teku, amma baƙin teku suna sauka gidanmu.

Kuma kada wani ya ce mana kula da daji sai Bature. Babban abin da ya faru da itatuwa a Sahel cikin shekaru 40 da suka wuce, a nan ya faru, Maradi da Damagaram. Tun wajen 1983, da kuma bayan yunwar 1984, manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zauna a Maradi, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma hannun manoma ne ya yi aikin. Da masana suka gwama hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Babu gandun reno, babu bokitin ban ruwa. Tsohuwar saiwa ce da ke ƙarƙashin ƙasa ta yi aikin. A Dan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, maza da mata, manoma da makiyaya. Me ya sa abin ya kama? Don manomi ya fara jin cewa iccen gonarsa nasa ne. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar sassaben zamani ta 2020 sun ƙara ƙarfafa wannan haƙƙi.

Ku gwama wannan da ɗamarar itatuwan da aka fara dasa wa Yamai a 1965, fiye da hekta 2,000. Duk wanda ya san birnin ya san yadda aka yi ta yankar ta ana mai da ita filaye da gine-gine da juji. An dasa, an yi biki, amma ba a bar mata masu ido a kanta ba da za su ce: bara itatuwa kaza ne a nan, bana kaza, ina sauran?

Saboda haka ga abin da nake roƙon ku, kuma ba ya bukatar tallafin kowa.

Na ɗaya, kowane reshen ƙungiya ya sayi littafi guda. Ku zaga unguwarku ko ƙauyen iyayenku, ku rubuta manyan tsofaffin itatuwa: wane iri ne, kaurinsa nawa in an zagaya shi da igiya daidai ƙirji, a filin wa yake, wa ke sheƙa a kansa. Ku ɗauki hoto, wayarku za ta ba ku lambar wurin. Ku sa kwanan wata da sunan wanda ya rubuta. Ku tafi da dattijon unguwa, da makiyayi, da mai saran icce ma. Ku tuna mai igiya da zarto ne ya warware abin da ya gagari masana.

Na biyu, ku koma kowace shekara a lokaci guda. Sheƙar shamuwa a farkon damina. Tsuntsayen gawo a watan sha biyu da watan ɗaya. A tsakiyar watan ɗaya ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, tun 1967 ake yin ta, kuma ƙasarmu na shiga. Ƴan Maradi, Madarunfa na kusa da ku. Ku je wurin ma'aikatan gandun daji ku ce kuna so a tafi da ku. Ɗaliban jami'o'inmu na Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga shi nan a ƙofar gida.

Na uku, ku rubuta gaskiya. In ba ku ga komai ba, ku rubuta sifiri. Kada ku ƙara ko ɗaya don abin ya yi armashi. Ranar da aka kama ƙarya ɗaya a littafinku, duk sauran shafukan sun zama takardar ƙunshe ƙosai.

Na huɗu, ranar 3 ga watan takwas ku dasa, ban hana ba. Amma ku nemi gawo, aduwa, kuka da tsamiya a cikin dashen, kuma a watan biyar, lokacin da rana ta fi zafi, ku koma ku ƙirga nawa suka rayu. Wannan lambar ku wallafa, kusa da hoton ranar biki.

Na biyar, ku kai kwafin littafin ga magajin gari, da mai gari, da ma'aikatan gandun daji, tun babu rigima. Dokar ƙasarmu ta ce kafin babban aiki a tantance illarsa ga muhalli, a kuma saurari jama'a. Ranar da aka zo fitar da hanya ko yankan filaye, ku iso da littafinku kafin katafila ta iso. Sau da yawa karkatar da hanya da ƴan mitoci ya isa ya ceci kukar da ta girmi kakan kowa a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe, ku san da wa kuke magana. Uwar da ke tsintar itacen girki ba abokiyar gabarku ba ce, haka mai amalanken da ke ciyar da iyalinsa da itace. Ku tuna leburorin can da aka sallama ba tare da an tanadar musu komai ba, har yau ba su yafe wa tsuntsu ba. In kun ce a bar wannan icce, ku zo da abin da za a yi a madadinsa: datse reshe maimakon kayar da uwa, sassaben zamani a gona, murhu mai tattalin itace, gas inda hali ya yi. Dajin da talaka ba ya cin moriyarsa, ba ya kwana lafiya.

Ƴan uwa, yawancinku ba ku kai shekara 30 ba. Gawon da kuka bari ya tsiro bana, sai kun yi furfura kafin shamuwa ta yarda da reshensa. Wanda ke tsaye yau kuwa, wani ne ya bar mana shi, wanda ba mu san sunansa ba, kuma gatari na iya gamawa da shi kafin azahar. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Mu san inda tamu take, mu rubuta ta, mu tsare ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.  Mai tambaya ko gyara, bismilla.